Daga Tassi Zuwa Malanbil: Tarihin Garin Bakin Gada

 A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, shugabanni sun ce a ware shafi don tarihin ɗaya daga cikin garuruwan da muke neman abinci a cikinsu, sai muka zaɓi Malanbil. Da wuya a sami ɗan ƙungiyar nan da kayansa bai taɓa kwana a garin ba, ko yana zaune a Gaya, ko Kamba, ko Doso, ko Kandi, ko can Kwatano. Amma in aka tambaye mu asalin sunan, yawancinmu sai mu yi shiru, ko mu ba da amsar da ba ita ba.

Amsar da aka fi ji a tasha ita ce wai garin wani malami ne. Kunne ne ya ji abin da ya saba ji. Bahaushe in zai haɗa malam da suna sai ya ce Malan Isa, Malan Garba, saboda haka da ya ji Malanbil sai ya ɗauka wani Malan ne ya kafa tsangaya a bakin kogi har gari ya taru a kansa. To babu malami a cikin zancen. Malan ɗin nan Bature ne Bafaranshe, Henri Malan, wanda ya yi gwamnan Dahome wajen 1909 zuwa 1911. Ƙarshen sunan kuwa, wanda suke rubutawa ville, gari ke nan da Faransanci. Haka al'adarsu take a ƙasashen da suka mallaka: Brazzaville ta Kwango sunan Brazza aka liƙa mata, Bingerville ta Kwaddebuwa sunan Binger. A takarda ana rubuta Malanville, bakinmu ne ya mai da shi Malanbil, wasu ma su ce Malambil.

Kafin wannan suna, wurin Tassi ake ce masa. Da Dendanci da Zabarmanci, tassi shi ne yashi, wato rairayi. Wanda duk ya taɓa sauke kaya a bakin ruwan da rani ya san sunan bai yi ƙarya ba.

Sai mun fahimci halin kogin sannan za mu gane abin da ya sa mutane suka zauna a kan yashi. Kwara a wannan yanki sau biyu take cika. Akwai cikar damina, wajen Agusta da Satumba, lokacin da ruwan sama na kusa ke gangarowa ta ƙoramu yana ɗauke da jar ƙasa, ruwan ya yi ja. Akwai kuma cika ta biyu wadda baƙo ba ya tsammani, domin a tsakiyar sanyi take isowa, babu ko ɗigon ruwan sama: ruwan da ya zuba a duwatsun Gini ne, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mana. Ga kuma kogin Sota da ke fitowa daga kudu ya faɗa Kwara a daidai gefen garin. Ƙasar da ke tsakanin waɗannan ruwaye fadama ce, ruwa na hawa ya rufe ta. Inda kawai mutum zai kafa bukka ya kwana da kwanciyar rai shi ne kan tudun yashin da kogi ya tara. In ruwa ya janye sai ya bar tafkuna cike da kifi, ya bar ciyawar burgu wadda shanu ke so fiye da kowace. Masunci da Bafillace ke nan suka sami abin da ya kawo su.

Abin da mutanen garin ke faɗa shi ne, wajen 1910 waɗansu masunta suka ƙetaro daga gefen Gaya suka kafa bukkokinsu a kan yashin nan, Fulani kuma suka yi ruga kusa da su. Ba gari ba ne mai ganuwa, ba shi da fada mai tambari. 'Yan tungaye ne na masu taru da ƙugiya, ana banda kifi ana kai wa kasuwannin maƙwabta. Garuruwan da ake ji da su a gefen Dahome a lokacin su ne Karimama a sama, da Madikali a ƙasa, da Gene a kan hanyar Kandi. Da wani ya ce wa mutumin Karimama wata rana tungar masuntan nan za ta fi garinsa kasuwa, dariya zai yi.

Ƙasar kanta tsohuwa ce ƙwarai, ko da Tassi sabuwa ce. Dendi ake ce mata, ma'anarta gangaren kogi, inda ruwa ya nufa. Kyangawa na cikin mutanen da suka riga kowa zama a nan. Da sojojin Maroko suka karya daular Songai a Tondibi cikin 1591, ragowar gidan Askiya nan suka gangaro suka ci gaba da turjiya a ƙarƙashin Askiya Nuhu. Harshensu ya zauna, ya kuma bi 'yan kasuwa kudu, shi ya sa har yau in ka shiga kasuwar Kandi ko Faraku ko Jugu, da Dendanci za ka ji ana ciniki, alhali ƙasar ta Bargawa ce da wasunsu.

Kakanninmu fatake sun san wannan yanki tun kafin Bature ya san da shi. Hanyar Gwanja ta nan ta bi. Ayari zai tashi daga Kano ko Sakkwato, ya yada zango a Jega, ya ƙetare Kwara a Illo ko Gaya ko can ƙasa wajen Yawuri, sannan ya shiga Bargu, ya bi ta Kandi ko Nikki zuwa Jugu, daga nan Sansanin Mango, Yandi, har Salaga inda ake sayen goro. Madugu na gaba da sha'anin ayari duka, jagaba na nuna hanya, uban dawaki na daidaita kuɗin da za a biya sarakunan hanya. Jakuna ɗauke da kanwa da tufafin Kano da fatu da busasshiyar albasa, a dawo da goro a cikin huhu ana yayyafa masa ruwa. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani ayarin ma sai ya shekara. Gishirin Foga, wanda ake dafawa a kwarin da ke arewa da Gaya, shi ma ta nan yake ƙetarewa zuwa Bargu.

A bakin kogi kuwa dole ayari ya tsaya ya jira masu jirgi, ya biya kuɗin fito. Ku lura da kalmar nan. Asalin fito shi ne ƙetarar da mutum da kayansa a jirgi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Yau in an ce wane ɗan fito ne, kowa ya san wace irin ƙetarewa ake nufi, ko babu ruwa ko kaɗan a wurin.

A duk wannan zamani na fatake babu Tassi cikin jerin zango. Ta zo ne bayan hanyar Gwanja ta fara mutuwa. Ingilishi sun ci Asante a 1874, Salaga ta raunana, yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa ta. Daga baya goro ya koma bin teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Abin da ya raya Tassi wata sabuwar hanya ce, kuma rigimar Turawa ce ta haife ta.

A 1894 Ingila da Faransa suka yi tseren zuwa Nikki, kowa na son ya riga ɗan uwansa sa hannu da sarkin Bargu: Lugard ta ɓangaren Ingilishi, Decoeur ta ɓangaren Faransawa. Ba a raba gardamar ba sai da yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898. Aka tsaga Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, Gaya ta zama ta Faransa. Ka ga ke nan mashigar Illo, wadda fatake suka fi sabawa da ita, ta fita daga hannun Faransawa. Su kuma suna da wata babbar matsala: ƙasar Nijar da suka mallaka ba ta da teku. Hanya mafi sauƙi ga kayan Maraɗi da Damagaram ita ce Kano, musamman da jirgin ƙasa ya iso can a 1911, amma wannan hanya ta Ingilishi ce, kuɗin kuma aljihunsu yake shiga. Faransawa na son hanyar da za ta tashi daga tekun Kwatano har Yamai ba tare da ta taka ƙasar kowa ba. In ka ja wannan hanya daga Faraku ta Kandi ka nufi Doso, dole ka ƙetare Kwara a gaban Gaya. Abin da ke fuskantar Gaya a ɗaya gaɓar kuwa shi ne yashin masuntan nan.

Da farko ma ba su kula da wurin ba. A Gene suka ajiye ɗan ofishinsu na yankin, ƙarƙashin kumandan na Kandi. Sannu a hankali hanyar mota ta iso bakin ruwa, aka sa babban jirgin fito mai ɗaukar mota. Jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Faraku a 1936, nisan kilomita 438, a nan kuma ya tsaya. Maganar ƙarasa shi zuwa bakin Kwara an yi ta yi tun zamanin kakanninmu, har yau jikokinsu na jin ta a rediyo. Tsayawar nan tasa ita ce arzikin masu manyan motoci, domin duk abin da jirgi ya sauke a Faraku sai an ɗora shi a mota a yi tafiyar sama da kilomita 300 kafin a ga kogi. In an iso kuma sai a jira jirgin fito. Inda mota ta kwana kuwa, mai tuwo za ta zo, mai shayi zai zo, makaniki zai zo, mai masauki zai gina ɗaki. Haka tunga ta fara zama gari.

A zamanin Faransawa aka sa wa wurin suna Malanville. Su masu garin ba su yar da nasu sunan ba, sai suka shigar da shi cikin gida. Har gobe akwai unguwar Tassi Zeno da unguwar Tassi Teji, wato tsohon yashi da sabon yashi, domin zeno tsoho ne, teji sabo. Sunayen biyu kaɗai sun isa su gaya maka an yi zaman farko, daga baya aka yi na biyu. Akwai kuma Wuro Yeso, wuro kuwa gari ne da Fillanci, shaidar cewa masu shanu na cikin waɗanda aka fara da su. Duk ɗan ƙungiyar da ya taɓa hawa kabu-kabu ya ce a kai shi Tassi Teji, ya ambaci sunan garin na asali bai sani ba.

A farkon shekarun 1950 Faransawa suka fito da wani shiri da suka kira Hirondelle, wato tsattsewa. Manufarsa a janye gyaɗar Nijar daga hanyar Kano a mai da ita hanyar Dahome. Gwamnati ta riƙa cika wa masu motoci kuɗin dako don farashin ya yi daidai da na Kano, mota ta gangaro da gyaɗa zuwa Faraku, ta koma arewa da kayan kanti da siminti da mai. Jirgin fito ya kasa ɗaukar wannan lodi, sai aka gina gada a 1958. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa da sufuri tsakanin Dahome da Nijar, wadda tsofaffinmu suka sani da OCDN, daga baya ta zama OCBN. Tashar jiragen ruwa ta Kwatano mai zurfi ta buɗe a 1965. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara wa Malanbil mutane.

Wani abu da ya kamata matasanmu su riƙe shi ne, a lokacin da aka gina gadar nan ba iyakar ƙasa da ƙasa ta haɗa ba. Gaya da Malanbil duk ƙarƙashin tuta ɗaya suke, kuɗi ɗaya, babban gwamna ɗaya a Dakar. Kogin iyakar kumandan da kumandan ne kawai. Sai a 1960, da Dahome ta sami 'yanci ranar 1 ga Agusta, Nijar ranar 3 ga Agusta, aka wayi gari mai ƙetare gada ya zama mai fita ƙasar waje. Masuncin da kakansa ya taso daga Gaya ya zama ɗan Dahome, ɗan baffansa da ya tsaya a gida ya zama ɗan Nijar.

Ba a daɗe ba aka ga abin da hakan ke nufi. A sama da Gaya akwai babban tsibiri mai suna Lete, Fulani na kiwo a kai, manoman gaɓar Dahome kuma na cewa gonakinsu ne. Tun a 1960 an yi rikici a kansa har aka rasa rayuka. A ƙarshen 1963, bayan an kifar da gwamnatin Hubert Maga a Dahome, dangantaka ta ɓaci tsakanin ƙasashen biyu, Nijar ta kori 'yan Dahome da ke aiki a ƙasarta, aka kai sojoji bakin kogi, aka rufe hanya. Gada ba ta fi shekara 5 da ginawa ba ta ga rufewarta ta farko. Sai a 1965 aka lallaɓa aka sasanta, ba tare da an warware maganar tsibirin ba. Ta zauna haka kusan shekara 40, har ƙasashen biyu suka yarda suka kai ta kotun duniya da ke Hague. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta yanke cewa iyaka na bin inda ruwa ya fi zurfi a babbar hanyar jirage. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9. Cikin hujjojin da suka yi nauyi akwai wata wasiƙa ta 1914 da wani jami'in Faransa mai suna Sadoux ya rubuta daga Gaya, inda ya jera tsibiran ya nuna wanne ke gefen wa. Mu da aikinmu ajiye takardu ne, wannan ya ishe mu darasi game da tsohon fayil. Kotun ta kuma ce a kan gada, iyaka na daidai saman inda take a cikin ruwa. Gadoji biyu ne a lokacin shari'ar, ta 1958 da wadda aka gina a 1988 zuwa 1989.

Mu koma ga suna. Bayan 'yanci, ƙasashe da yawa sun kankare sunayen Turawa. Leopoldville ta zama Kinshasa a 1966. A Chadi, Fort-Lamy ta zama Njamena a 1973, Fort-Archambault ta zama Sarh. A Kamaru, Fort-Foureau ta koma Kusuri, sunanta na da. Ita kanta Dahome, ranar 30 ga Nuwamba 1975 Mathieu Kerekou ya canja mata suna zuwa Benin, domin Dahome sunan masarautar kudu ce kaɗai, mutanen arewa irin Bargawa da Dendawa ba su ga kansu a ciki ba. Gwamnatin juyin juya hali ce mai zafin adawa da mulkin mallaka, amma ta sauya sunan ƙasa duka ta bar garin bakin gada da sunan gwamnan Faransa. A ganinmu, zuwa lokacin sunan ya riga ya bar hannun mai shi. Ba wanda ke tuna Malan in ya ambace shi, kasuwa ake tunawa.

Kasuwar kuwa ta yi girman da ake yawan cewa in ka cire Dantokpa ta Kwatano babu kamarta a Benin. Ƙarfinta kayan gona ne. Daga kudu masara da garin rogo da doya da manja ke hawowa, daga arewa albasa da wake da kanwa da dabbobi ke gangarowa, ga shinkafar da ake nomawa a fadamar garin, ga barkono da kifi. Gaya ta ɗauki wani fannin, manyan sito na gwanjo da atamfa da sauran kayan da ke fitowa daga tashar Kwatano, waɗanda kowa ya san mafi yawansu Nijeriya suka nufa. Kamba kuma ita ce ƙofar Nijeriya, ta nan mai da kayan masana'anta ke fitowa. Garuruwan uku kamar duwatsun murhu suke, in aka janye ɗaya tukunya ta karkace. Ƙidayar Benin ta 2013 ta sami mutum sama da 160,000 a ƙaramar hukumar Malanbil, har da ƙauyukanta irin su Gene da Madikali da Garu. Gene da ta riƙe ofis a da, yanzu ita ke ƙarƙashin Malanbil.

Yawancin manyan 'yan kasuwar garin baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, mu Hausawa da Zabarmawa da Yarbawa da Inyamurai da mutanen kudancin Benin. Wannan gaskiya ce da ba ta buƙatar ɓoyo, kuma ita ce ta sa muka ga ya dace a rubuta tarihin nan. Mutum ya shekara 30 yana ciniki a gari, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, sai ya fara jin kamar da zuwansa aka fara garin. Har mukan ji wasu na cewa ai kafin 'yan kasuwa babu komai a nan sai yashi. To yashin da masu shi. Su suka san inda ruwa ke tsayawa da inda yake ci, su suka fito da motocin farko, a filayensu aka kafa rumfunanmu. In ambaliya ta zo, kamar ta 2010 da ta yi ɓarna a Malanbil da Karimama, babban ɗan kasuwa na iya kwashe kayansa ya kai Kandi, mai gona da mai taru kuwa nan za su zauna da ruwan.

Garin da iyaka ta raya, iyaka ce kuma ke shaƙe shi. Tsofaffinmu na tuna rufewar Nijeriya daga 1984 zuwa 1986. Suna tuna Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, wanda ke bin bashi da wanda ake bi duk suka kwana ba barci. Mu na baya mun ga rufewar Agusta 2019. An buɗe wasu ƙofofin a Disamba 2020, amma Kamba sai a Afrilu 2022. Duk waɗannan ba su kai ta 2023 ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi, aka datse gada. Manyan motoci suka yi layi a hanyar Kandi mako da makonni, kayan da ke lalacewa suka lalace a cikin mota, direbobi da yaransu suka cinye guzuri suka koma neman na abinci. An ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro da ta bayyana. Kayan Nijar masu yawa suka koma tashar Lome, su ratso Burkina da rakiyar sojoji, tafiya mai tsawo da tsada da haɗari. Ba aikin wannan shafi ba ne ya ce wa ke da gaskiya tsakanin gwamnatoci, muna da 'yan uwa a kowane gefe. Abin da idonmu ya gani shi ne, da gada ta tsaya, kwalekwale aka koma. Buhu ya sauka daga mota, ɗan dako ya kai shi bakin ruwa, mai jirgi ya fito da shi, wani ɗan dakon ya karɓa a Gaya, kowane hannu da kuɗinsa, kuma a ƙarshe mai sayen mudu ne ke biya. A watan Mayu 2024, da rigimar bututun mai ta taso, har wannan fiton ma an hana shi na wani lokaci. Jikokin masuntan Tassi, waɗanda gada ta karɓe wa sana'ar fito tun 1958, su ne suka riƙe cinikin ƙasashe biyu a wannan tsakani.

A 'yan shekarun nan maganar sunaye ta sake tasowa. A Oktoba 2024 hukumomin Yamai sun cire sunan Charles de Gaulle daga babban titi suka sa na Djibo Bakary. Tun daga nan mukan ji matasan ƙungiya na cewa ya kamata Malanbil ma ta koma Tassi. Hujjarsu ba ta banza ba ce: suna linzami ne, kuma babu dalilin da zai sa gari ya yi ta ɗaukar sunan mutumin da bai haƙa masa ko rijiya ba. Wasu dattawan kuma na cewa a bar kaza cikin gashinta. Sunan na kan takardun duwan, da na tiransita, da takardun filaye, da takardar haihuwar dubban mutane, kuma duk wanda ya taɓa ganin an tsare mota kwana biyu saboda harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takarda da takarda, ya san canjin suna ba a baki kaɗai yake tsayawa ba. Kwastoman da ke Agadas ko Kano ma Malanbil ya sani.

Namu ra'ayin, wannan magana ta masu gari ce da hukumomin ƙasarsu. Mu baƙi ne masu cin arziki, bai kamata a ji muryarmu ta fi tasu ba, ko wajen cewa a canja ko wajen cewa a bari. Abin da ke hannunmu shi ne mu san sunan farko, mu san ma'anarsa, mu daina gaya wa yaranmu labarin malamin da bai taɓa wanzuwa ba. In dattijon Tassi Zeno ya zo rumfarka, ka gaishe shi gaisuwar mai gida.

Ofishin ƙungiya na roƙon iyayenmu da suka yi zamanin jirgin fito ko farkon gada, da duk wanda ya gaji tsohuwar takardar dako, ko rasit na duwan, ko hoton kasuwa na da, ya taimaka ya kawo mu ɗauki hotonsa mu mayar masa da abinsa a take. Wanda tafiya ta yi masa wuya ya aiko, za mu zo har gida mu zauna mu rubuta daga bakinsa. Muna so mu haɗa na Gaya da na Kamba a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.